Muryar da Na Ba da Aro

Har yau in aka zauna ana hirar waɗanda suka fara rap da Hausa a Zariya, ba a rasa wanda zai ce, "Kun tuna 'yan ukun nan, maza biyu da yarinya mai murya?" Da na ji an kama hanyar nan sai in tashi in nemi abin wankewa a kicin. Mu huɗu ne, ba uku ba. Yarinyar da suke tunawa fuska ta kawo. Muryar tawa ce, kuma ban taɓa samun wanda ya faɗi haka a gaban mutane ba.

A Sabon Gari na tashi, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, inda in jirgin ƙasa ya wuce sai kwanukan Mama sun amsa. Baba malamin firamare ne, kuma shi ke koyar da mawaƙa a cocinmu tun kafin a haife ni. Ina 'yar shekara tara ya sa ni a sahun gaba, ya koya mini inda ake jan numfashi da inda ake sakinsa, yana buga rula a kan benci. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, amma wannan bai taɓa hana rular sauka a bayan hannuna ba.

Yaya ɗan wan Baba ne. Daga ƙauye ya zo ya zauna a gidanmu da ya samu jami'a a Samaru, a farkon shekarun dubu biyu, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa. Da takalmin roba ya zo, kafin shekara ta zagayo ya koma sa wandon da zai ɗauki mutum biyu, yana ɗaure kai da ƙyalle kamar mai jego. Abokinsa Ibo ne haifaffen Sabon Gari, wanda in yana zuba karin magana sai ka rantse kakarsa a Tudun Wada take. Babansa na da shagon kayan lantarki a unguwar 'yan kasuwa ta PZ, shi kuwa kwamfuta ce ta shiga ransa, yana haɗa kiɗa a cikinta ba ganga ba kalangu. Mai Kiɗa zan kira shi. Su biyun suka kafa ƙungiya, Yaya na rap da Hausa, Mai Kiɗa da Turancin buroka. Baba ya ji su sau ɗaya ta taga, ya ce wannan ba waƙa ba ce, faɗan 'yan tasha ne aka sa wa ganga.

Shekarar da malaman jami'a suka yi dogon yajin aiki, Samaru ta zama kamar an share. Masu abinci suka kife tukwane, 'yan acaɓa suna barci a kan babura. Wani mai shagon buga takardun ɗalibai, da ya ga ciniki ya tsaya, ya bar wa su Yaya ɗakin baya. Nan ne situdiyon da daga baya ake ba da labarinsa sai ka ce gidan rediyo. Katifa biyu ne aka jingina a bango su shanye ƙara, da makirfo guda da aka aro daga shagon PZ ba da sanin mai shago ba. An lanƙwasa wayar rataye riga, an ɗaura mata safa, an kafa a gaban makirfon. In an kawo wuta a yi sauri, in an ɗauke a zauna a ci gyaɗa. Janareta ba ta yiwuwa, don makirfon nan har kukan kazar maƙwabta ɗauka yake.

Ni lokacin na gama sakandare ina zaman jiran makaranta, Baba kuma ya yarda in riƙa bin Yaya Samaru koyon kwamfuta. Na koya, ba ƙarya, na iya buga wasiƙa. Ran nan da rana ina zaune a ƙofar ɗakin baya na ji suna fama da wata waƙa a kan yajin aikin da yadda yake ƙara wa ɗalibi shekarun karatu. Baitoci sun zauna, amshi ya ƙi. Yaya ya gwada rerawa, sai ka ce ana jan buhu a kan siminti. Na fashe da dariya, ya ce in na iya in zo in yi. Na shiga tsakanin katifun nan, Mai Kiɗa ya sa mini abin sauraro a kunne, na rera:

Huɗu aka ce, ga shi mun shiga ta bakwai,
Mama ki ƙara haƙuri, ina nan tafe.

Da na gama na cire abin sauraron. Mai Kiɗa ya ɗan yi taɓe-taɓensa ya kunna, na ji muryata ta fito daga sifika, karo na farko a rayuwata, ita kaɗai, ba a cikin mutum arba'in masu riga iri ɗaya ba. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji a coci ba, Allah ya yafe mini. Sai tsoro ya biyo baya nan take.

"Yaya, kada ku sa sunana. Ko a baki, ko a takarda. In Baba ya ji, na mutu."

"Haba ƙanwata, wa zai gaya mishi?"

"Ka rantse."

Ya rantse. Mai Kiɗa ya juyo da kujerarsa ya ce, "Sista, ki yi tunani fa. Wannan muryan ba na ɓoyewa ba ne." Na ce shi ma ya rantse. Ina faɗin wannan a fili ne don kada in ɗora wa kowa kayan da ba nasa ba. Ni na fara.

Cikin wata uku muka yi waƙa shida. Akwai ta yajin aikin, akwai ta masu ɗauke wuta, akwai ta bas ɗin Samaru zuwa Sabon Gari da kwandastansa mai cusa mutum biyar a kujerar mutum uku. Akwai ta soyayya da Yaya ya rubuta wa wata da ba ta ma san yana yi ba, ita ce mafi muni, shi kuwa ita ya fi so. Sauran biyun zagin juna ne da wasu 'yan rap na Kaduna waɗanda ba na jin sun taɓa sanin ana zaginsu. Ni ce amshi a huɗu. Mai Kiɗa ya kwafe su a faifan sidi, suka bi shagunan aski da masu sayar da kaset a PZ da direbobin bas suna rabawa kyauta.

Da aka buɗe jami'a, ɗalibai suka dawo suka tarar an yi musu waƙa, suka kama ta hannu bibbiyu. Sai in shiga bas a Kwangila in ji kaina a sifikar direba, matar da ke kusa da ni tana bi tana ɓata kalmomin, ni kuma ina cije leɓe don kada in gyara mata. Da farko sirrin nan daɗi yake mini, kamar ka ɓoye nama a kumatu a gaban mutane. Ina ganin duk ranar da na ga dama zan buɗe baki in ce ni ce, duniya ta juyo.

A zamanin nan ba wanda ke waƙa da bakinsa a dandali. Mawaƙi zai miƙa wa mai sa faifai sidinsa, ya ce lamba kaza, sannan ya riƙe makirfo yana tsalle yana motsa baki, jefi-jefi ya yi ihu a kai don a san yana raye. Mamin ake ce wa abin. Manyan da ke zuwa daga Legas ma haka suke yi, ba abin kunya ba ne. To, aka fara gayyatar su Yaya wasannin ɗalibai, inda ni ko a mafarki ba zan taka ba. Matsalar ita ce in amshi ya zo, sai muryar mace ta cika zaure, ƙarti biyu kuma suna tsaye suna kallon rufi. Ɗalibai ba su da kara. Suka fara ihun "Ina yarinyar? Ku kawo yarinyar!" Wata rana Yaya ya dawo gida riga a jiƙe, an jefe su da ledojin fiya wata.

Washegari ya same ni a bakin famfo ina wanki. Ya ce akwai wata 'yar aji biyu da za ta riƙa riƙe makirfo in amshi ya zo.

"Riƙon ƙwarya ne kawai," in ji shi. "Har ki samu admishan ki bar gida. Wurin naki ne, ba mai taɓa miki."

Na yarda. Har na ji daɗi an daina jifansa.

'Yar Kaduna ce, doguwa, ta iya rawa, in ta shigo wuri sai an san ta shigo. Na so ƙwarai in ce muguwa ce, labarin da ya fi mini sauƙi, amma ba muguwa ba ce. Wasan farko da ta hau, bakinta ya riƙa makara, wasu a gaba suka fara nuna ta. Yaya ya sake dawowa wurina, ya ce in taimaka in gyara mata. Kwana uku ina zuwa ɗakinta da rana, a wani gidan hayar ɗalibai a Samaru, muna tsaye gaban madubi. Na nuna mata inda nake jan numfashi. Na nuna mata yadda haɓa ke sauka a ƙarshen layin farko, da cewa in na zo kan "Mama" rufe ido nake yi, da yadda jijiyar wuya ke tashi in murya ta hau. Abin da aka yi shekaru ana dasa mini da rula, na kwashe na ba ta a kwana uku, a kan lemo da biskit. Tana da kai, ta ɗauke tsaf. A rana ta uku na tsaya a bayanta ina kallo a madubi, faifai na juyawa, na ga muryata na fita daga bakinta babu ko ɗigon makara. Ta rungume ni ta ce, "Sista, ke mai kirki ne, wallahi." Ni kuwa har da alfahari, wai na iya koyarwa. Wauta in ta tashi kama mutum ba ta sallama.

Daga nan babu wanda ya ƙara tambayar ina yarinyar. Sun gan ta.

Wani ɗan kasuwar faifai a Kaduna ya yarda zai buga waƙoƙin da kwali da hoto, a sayar kamar na kowa. Ba wanda ya gaya mini ranar ɗaukar hoto. Mama ce ta aike ni PZ sayo ƙwan fitila, na ɗaga kai na ga fosta a jikin bango, fuska uku, ita a tsakiya ta rufe ido ta riƙe makirfo, daidai yadda na koya mata. A ƙarƙashin fuskarta an rubuta wani sunan waƙa da Yaya ya ƙirƙiro mata. Na shiga shagon kaset na ce a ba ni in duba. A bayan kwalin sun gode wa Allah, sun gode wa iyayensu, da mai shagon takardu, da mai askin da ya fara sa faifan, har da mai shayin bakin titi. Na karanta sau uku, ko an ce "da wata ƙanwa" a wani lungu. Babu.

Na tarar da Yaya da Mai Kiɗa a ɗakin Yaya suna lissafin wanda za su gayyata bikin ƙaddamarwa. Na ajiye ledar ƙwan fitila a ƙasa.

"Yaya, mene ne wannan na gani a PZ?"

"Ke ne fa kika ce kada a sa sunanki. Har rantsuwa kika sa muka yi."

"Na ce kada a sa sunana. Ban ce a sa na wata ba."

"To ya kike so mu yi? Mutane sun riga sun san fuskanta. Ɗan kasuwan ya ce ba zai buga ba sai da ita a gaba. Ki yi haƙuri, faifai na biyu naki ne."

Na juya wajen Mai Kiɗa. Shi ya san komai, shi ya zauna da muryar nan dare da rana yana gyara ta, shi ya ce ba ta ɓoyewa ba ce. Ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar takalminsa. Yaya na san halinsa, tun yana yaro in an raba nama nasa ya fi girma. Shirun Mai Kiɗa ne ban yafe ba har yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ni ko kuɗin ban nema ba, suna kawai.

Ranar Asabar da la'asar aka yi bikin, a zauren wani otal a Sabon Gari, tafiyar minti goma daga gidanmu. Na ce wa Mama kitso za ni. A ƙofa na sayi tikiti kamar kowa, mai tsaron ƙofa ya buga mini hatimi a hannu bai ko kalle ni ba. Zaure ya cika, ɗalibai daga Samaru bas-bas, da 'yan kasuwar PZ da suka zo yi wa ɗan maƙwabcinsu kara. Na samu kujera wajen tsakiya. Ban zo da wani shiri ba, zafi kawai na ɗauko a ƙirji na zo da shi.

Waƙar yajin aiki suka bari ƙarshe. Yaya ya yi baitinsa, Mai Kiɗa ya yi nasa, ita ta tako gaba ta ɗaga makirfo ta rufe ido. Sai faifai ya sarƙe. Ya maimaita harafi ɗaya kamar mai in'ina, ya ƙara, sannan ya yi tsit. Ta tsaya baki buɗe, makirfo a kashe a hannunta. Mai sa faifai ya ciro sidin yana goge shi a riga yana hura masa iska. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Ki yi da baki mana!" Wasu suka kama, "Da baki! Da baki!" Wani ya miƙo mata makirfon Yaya mai rai. Ta waiwaya tana neman Yaya da ido, shi kuma gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin ƙyallen nan nasa.

Gaskiya ce ta taso da ƙafarta, ba wanda ya kira ta. Abin da ya rage mini kawai in naɗe hannu in yi shiru na minti ɗaya. Minti ɗaya tak, a ji ta da bakinta, a gane, a fara tambaya. Na sha lissafa wannan mintin a raina. Amma shekara guda ke nan ina haɗiye waƙar nan a bas da kasuwa, kuma ga zaure cike ya yi shiru yana jiran ta. Ban san lokacin da na hau kujera ba. Na buɗe maƙogwaro na saki layin farko, yadda ban taɓa sakinsa ko a gaban makirfo ba.

Layin farko nawa ne ni kaɗai. Na ga kawuna biyu ko uku sun juyo. Kafin in ja numfashi, zauren gaba ɗaya ya kama layi na biyu, maza da mata, masu murya da marasa ita, har tagogi na amsawa. Na ƙara ƙarfi, ban ma ji kaina ba. Ita kuwa, na ce tana da kai, nan take ta juya makirfo wajen jama'a ta kara hannu a kunne, kamar dama haka aka shirya. Mai Kiɗa ya kama yin ganga da baki, Yaya ya yi tsalle. Aka maimaita amshin nan ya fi sau biyar. Sai na ji an ja mini zani daga baya. Wani saurayi ne. Ya ce, "Malama, don Allah ki sauka, kina tare mana ita."

Na sauka. An daɗe ana cewa ba a taɓa wasa mai kyau irin wannan ba a Sabon Gari, wai dabara ce suka yi don su sa mutane waƙa. Da Yaya ya dawo gida ya dafa kafaɗata a soro ya ce a hankali, "Ƙanwata, kin cece mu." Da tafasasshen ruwa ne a hannuna da na watsa masa.

Shekara ta zagayo suka zo da zancen faifai na biyu. Lokacin na shiga kwalejin horar da malamai, ina jeka-ka-dawo daga gida. Na ce na ji, amma da sunana da fuskata, Baba ya yi abin da zai yi. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya fito fili ya ce in aka faɗa yanzu sun zama maƙaryata, ɗan kasuwa zai janye, ita ma yarinyar an kashe ta a jami'a. Mai Kiɗa ya kawo shawara wai a sa sunana a ƙasa, a matsayin mai taya ta amshi. In taya wata rera muryata. Na yi dariya har da hawaye, na ce su je Allah ya ba da sa'a.

Ita ta rera da kanta. Muryarta ba ta da laifi, siririya ce dai, irin ta waƙar wanke-wanke. Mai Kiɗa ya yi duk dabarar da kwamfuta ta sani, ya ninka, ya ƙara, ya lulluɓe da kiɗa. Faifai ya fito waƙa takwas, mutane suka saurara sau ɗaya suka ajiye. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, mako guda cur ina murna. Sai na fara jin abin da ake faɗa. Ba wanda ya ce ba ita ba ce ta farko. Cewa aka yi muryarta ta mutu. Wasu suka ce hassada ce, an ba ta wani abu a lemo. A wurin kitso na ji wata tana cewa, "Allah sarki, baiwa irin wannan a ce ta tafi haka." Ita ake wa jaje. Ko asarar ma da sunanta aka rubuta. Ba a yi faifai na uku ba. Yaya ya tafi bautar ƙasa bai dawo Zariya da zama ba, Mai Kiɗa ya gangara Legas, ita ta gama ta koma Kaduna.

Ni na rage, da rigar mawaƙa, kowace Lahadi a sahun gaba. A cocinmu in mutum ya yi abin da bai dace ba, dattawa kan sa shi a ƙarƙashin horo. Bayan sanarwa, magatakarda zai kira cikakken sunansa, ya miƙe tsaye, a karanta abin da ya yi a gaban ikilisiya duka, sannan ya koma bencin baya na wasu watanni, ba cin Jibin Ubangiji, ba waƙa. Wata Lahadi aka kira wani saurayi mai kaɗa mana molon lantarki. Aka faɗi sunansa da na ubansa, aka ce an same shi yana kiɗa a gidan giya, aka faɗi wurin. Uwarsa na kuka, shi kai a ƙasa. Ni kuwa ina zaune na kama kaina ina kishinsa. Kafin a ci abincin rana duk unguwa ta san shi ne ke kiɗan nan, da sunansa, daga bakin da ba a ƙaryatawa. Tun daga kan bencin na yanke shawara.

Ranar Litinin Baba ya dawo daga makaranta, yana zaune a baranda yana duba littattafan yara da jan biro. Mama ta tafi taron zumuntar mata a coci. Na ɗauko faifan farko na ajiye a kan teburinsa, na durƙusa.

"Baba, muryan da ke cikin faifan nan nawa ne."

Bai ɗago ba. Ya ja layi a littafin wani yaro. Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na fara jin ta a shagon aski. Ni na gina muryar nan, Uwata. Zan kasa gane ta?"

Shekara biyu muna cin abinci a gida ɗaya, bai taɓa nuna mini ya sani ba. Sannan na ce abin da ya kawo ni.

"To ka kai ni gaban dattawa. Na yi laifi, a hore ni. A karanta a gaban kowa."

Sai a lokacin ya ajiye biron, ya cire tabarau ya kalle ni.

"Kin san abin da kike faɗa? Wa ya gan ki? Wa ya kawo ƙara? Ranar da na ga hoton nan a bango da fuskar wata, dawowa na yi na durƙusa na gode wa Allah da ya rufa mana asiri. Tun daga ranar nake addu'a kada ya tonu. Ke kuma yanzu za ki ɗauka da hannunki ki kai?"

"Baba, nawa ne."

"Da naki ne. Kin bayar."

"In ba ka kai ni ba zan je da kaina."

"Ki je. Dattawa ni za su tambaya, don ni na san muryar kowa a cocin nan. Ni kuwa zan ce ba ke ba ce."

Mutumin da bai taɓa yarda a ce wa mai sallama ba ya nan alhali yana nan, shi ya faɗi haka, ko ƙifta ido bai yi ba. Na san zai aikata, na kuma san shi za a yarda da shi. Su Yaya sun ƙwace don kasuwa, shi ya rufe don yana sona, ko don yana son sunansa, ban taɓa iya raba biyun ba, kuma nasa ya fi mini ciwo. Ya turo faifan bakin tebur da yatsa ɗaya.

"Ɗauke wannan kafin mamanki ta dawo. Laraba akwai koyon waƙa ƙarfe huɗu, kada ki makara."

Ya mayar da tabarau, ya jawo littafi na gaba. Na ci gaba da durƙuso ina jira, ko da mari ne. Ya gama na aji huɗu, ya kama na aji biyar, bai ƙara ɗagowa ba.